Ɗan haya da kyanwarsa: abin da sabuwar dokar Ingila ta ce

Shekara da shekaru a Ingila, layi ɗaya a takardar haya ya isa ya raba mutum da karensa ko kyanwarsa: ba a yarda da dabba ba. Mai gida ba ya buƙatar faɗin dalili. Dokar Haƙƙin 'Yan Haya, wadda Sarki Charles ya sa wa hannu ranar 27 ga Oktoba 2025, ta taɓa wannan layin, kuma gwamnati ta tsayar da 1 ga Mayu 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyan sassanta.

Kada a yi saurin murna. Abin da dokar ta ba ɗan haya shi ne haƙƙin neman izini, tare da tilasta wa mai gida ya ba da amsa mai ma'ana. Ɗan haya zai rubuta buƙatarsa, ya bayyana irin dabbar. Mai gida yana da kwana 28 ya amsa a rubuce. In ya nemi ƙarin bayani, misali girman karen, ana ƙara masa kwana 7 daga ranar da aka ba shi bayanin. Zai iya ƙi, amma sai da hujjar da hankali zai ɗauka.

To wace hujja ce hankali zai ɗauka? A nan gardamar take. Doka ta ambaci guda ɗaya ƙarara: idan shi ma mai gidan yana ƙarƙashin yarjejeniya da mai ginin gaba ɗaya, kuma yarjejeniyar ta hana dabbobi, kamar yadda ake yawan samu a gidajen bene masu rukuni-rukuni. Sauran kuwa sai an duba halin kowane gida. Ƙaton kare a ɗaki ɗaya tal, ƙin mai gida na iya tsayawa. "Ni dai ba na son kyanwa" da wuya ta tsaya. Wanda yake ganin an zalunce shi yana iya kai ƙara kotu.

Batun ɓarna ma an ja shi sosai a majalisa. Da farko an so a ba mai gida damar tilasta wa ɗan haya sayen inshorar ɓarnar dabba, daga baya aka cire wannan sashe. Saura kuɗin ajiya na farkon haya, wanda tun dokar 2019 bai wuce kuɗin mako biyar ba ga gidan da hayarsa ba ta kai fam 50,000 a shekara ba. Kyanwa ta yage kafet, daga nan za a cire. A ganina masu gidaje suna da ɗan abin kuka a nan, don fitsarin kare kan ci katakon ƙasa fiye da kuɗin mako biyar.

Dabbar da ake nufi ita ce wadda ake ajiyewa don ɗebe kewa, sha'awa ko ado: kare, kyanwa, aku, zomo. Ragon layya ba ya ciki, ga 'yan'uwanmu da ke Landan ko Manchester da suka fara lissafi.

Babban gibin shi ne haƙƙin na wanda ya riga ya shiga gida ne. Mai neman haya da ya zo da karensa a hannu, mai gida na iya ba wani gidan. Haka kuma wanda ya kama ɗaki a gidan da mai shi ke zaune a ciki, wannan sashe bai shafe shi ba.