Karen da Aka Tsinta a Titi da Gasar Ajiliti: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wasa ne ajiliti?

Kare ne ke ratsa shingaye wajen 20 ɗaya bayan ɗaya, mai shi na gudu a gefe yana nuna masa hanya da murya da hannu. Ba igiya, ba abinci a hannu, ba a kuma taɓa karen. Akwai sandunan tsallakewa, da taya, da bututun kutsawa, da katakon lilo, da turaku 12 a jere da zai bi tsakaninsu yana lanƙwasa. A 1978 aka fara nuna shi a baje kolin karnuka na Crufts a Landan don ɗebe wa 'yan kallo kewa, a 1980 kuma ƙungiyar Kennel Club ta Ingila ta amince da shi a matsayin gasa. In kare ya ka da sanda, an ci shi tarar maki 5.

Karen titi zai iya, ko sai ɗan ƙasar waje?

Zai iya. Gaskiya nau'in Border Collie ya fi cin kofuna, amma duk wanda ya taɓa ganin 'yan farauta sun fito da karnukansu ya san namu na gida ba baya ba ne wajen gudu. A Amurka ma, tun 2010 ƙungiyar masu karnuka ta AKC ta buɗe wa karnukan da ba su da takardar asali ƙofa.

To ina wahalar take?

Tsoro. Karen da ya tashi a lungunan Kano ya sha jifa tun yana ɗan kwikwiyo. Da ka ɗaga hannu ko ka sunkuya, a wurinsa dutse ne ke tafe. Shi kuwa wannan wasa kusan dukkansa ɗaga hannu ne da sunkuyawa. Saboda haka watannin farko ba na tsalle ba ne. Ka riƙa ba shi abinci da hannunka, ka miƙa hannu a hankali sannan lomar ta biyo baya, har ya gane hannun nan alheri yake kawowa. Kada ka tura shi cikin bututu da ƙarfi. Gajarta bututun, ka tsuguna a ɗaya bakin yana hango ka. Duka kuwa, sau ɗaya ya isa ya rushe aikin wata guda. A ganina, mai saurin fushi ya haƙura da wannan harka tun wuri.

Kafin a fara fa?

Likitan dabbobi tukuna: rigakafin ciwon haukan kare, maganin tsutsar ciki da na kaska, a duba ƙafafu da ƙugu. Ƙaramin kare ba ya tsalle mai tsawo sai ƙashinsa ya yi ƙwari, shi ya sa a Ingila sai ya cika wata 18 yake shiga gasa.

Da me ake saka masa in ya yi daidai?

'Yan gutsattsarin dafaffen nama ko hanta. Ban da tsire mai yaji, albasa kuwa guba ce ga kare.

Kayan ba za su yi tsada ba?

Fayif ɗin roba daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar taya daga wajen mai faci sun isa. Sandar tsallakewa dai a ɗora ta kawai, yadda da ya taɓa za ta faɗi. A bar tazarar santimita 60 tsakanin turaku.

Yaushe ne lokacin horo?

Bayan asuba ko dab da magariba, minti 10 zuwa 15, a kan ƙasa ko ciyawa, ba siminti ba. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi, a Afrilu kuma zafin Kano kan haura digiri 40. Ruwa ya kasance a kusa.

Gasar fa?

Ku fara tsakaninku. Masu karnuka uku ko huɗu, fili mai katanga, agogon waya don auna lokaci. Karenka ya fara zuwa kallo daga nesa tukuna, domin hayaniyar mutane ta fi kowane shinge firgita shi. In ya tsaya cak a tsakiyar fili, kira shi ku fita, a sake gwadawa wani makon.