Duba-gari da binciken wuraren abinci a Arewacin Nijeriya

Duba-gari ma'aikacin lafiya ne da doka ta ɗora wa alhakin duba tsaftar gidaje, kasuwanni, mayanka, gidajen burodi da rumfunan masu tuwo. Aikin ya faro ne tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma a 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Aikin Tsafta ta Kano domin horar da irin waɗannan ma'aikata. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda mata kan ruga su wanke randa da zarar an ce ga duba-gari a unguwa, don idan ya leƙa ya ga tsutsa a ruwan sha, sai sammaci. Tun 2002 akwai wata hukuma ta gwamnatin tarayya da ke yi wa masu wannan aiki rajista.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi ikon kula da kasuwanni, mayanka, gidajen cin abinci da na burodi. Saboda haka duba-gari ne ke da hurumin shiga madafa ya duba inda ake ɗebo ruwa, nisan masai da murhu, yadda ake adana nama, da takardar gwajin lafiyar masu girki. Yana iya ba da wa'adin gyara, ya ƙwace abin da ya lalace, ko ya kai mai wurin kotu. Duba dabba kafin yanka da bayansa kuwa na likitocin dabbobi ne.

Algus shi ne ɓangaren da ya fi ƙarfin ido. Ana zuba rini a manja don ya yi ja, a nunar da ayaba da mangwaro da kabayid, a barbaɗa wa wake maganin ƙwari mai dafi don kada ya lalace. Wannan na ƙarshe ne ya sa Tarayyar Turai ta daina karɓar busasshen waken Nijeriya a 2015. Gano irin waɗannan sai ɗakin gwaji, wanda ƙaramar hukuma ba ta da shi. Nan ne NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, take shigowa. Ita ce ke yi wa abincin gwangwani da na leda rajista, kuma a zamanin shugabancin Dora Akunyili ta haramta sa sinadarin buromet a burodi.

Sai dai abincin da talaka ya fi ci, wato ƙosai, awara, zoɓo da kunun zaƙi na ƙulli, ba shi da lambar rajista, ma'aikatan da za su bi shi lungu-lungu kuma sun yi kaɗan. An ga illar wannan giɓi a Kano a 2021, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Sai bayan nan aka shiga kasuwanni ana kame. 'Yan kasuwa kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa a wurare da dama zagayen ya koma na karɓar kuɗin rasit, ba a ko buɗe tukunya.