Waiwaye: Muhawara kan sauyi, daga Girka zuwa zaurukan Gwandu

Ɗalibanmu na jami'a a Birnin Kebbi da Aliero, idan suka ci karo da tambayar ko akwai abin da ke tabbata a duniya ko kuwa komai sauyawa yake yi, sukan ɗauka boko ne ya zo da ita. Alhali kakanninsu sun sha fama da ita a zaure, da tawada da alƙalamin kara.

Tushen maganar daga Girka yake. Kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, Hirakilitus ya ce mutum ba ya shiga kogi ɗaya sau biyu. Duk wanda ya tsaya bakin Matan Fada a Argungu zai gane nufinsa: sunan gulbin bai canza ba, amma ruwan da masunta suka faɗa cikinsa bara ya daɗe da wucewa. Farminidis ya ƙi yarda, ya ce sauyi ruɗin ido ne. Aristotal ne ya raba gardama, da cewa abu yana fita ne daga abin da zai iya zama zuwa abin da ya zama a aikace, asalinsa kuwa yana nan.

A ƙarni na 9 aka fassara littattafan Aristotal zuwa Larabci a Bagadaza, kuma nan ne Musulmi suka rabu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya karɓi yawancin tsarin. Malaman Ash'ariyya, wata mazhabar tauhidi, irin su Baƙillani suka ɗauki wata hanya: duniya jauhari ce, wato ƙwayar abu da ba ta rabuwa, da aradi, aradi kuma, wato siffa kamar fari ko motsi, ba ya wanzuwa lokaci biyu. Ke nan Allah ne ke sabunta halitta a kowane lokaci. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga. Abin da ido ya gani, in ji shi, shi ne audugar ta ƙone a sa'ad da wuta ta taɓa ta, bai ga cewa wutar ce ta yi aikin da kanta ba. Ibn Rushud ya mayar masa da martani mai zafi daga Andalus, ya ce wanda ya musanta sababi ya rushe ilimi. Shi ya sa nake jin takaici idan aka ce Musulunci ra'ayi ɗaya gare shi a wannan mas'ala. Ga ma Mulla Sadra na Farisa a ƙarni na 17, da ya ce ainihin abu kansa yana motsi.

Ra'ayin Ash'ariyya ne ya iso mana, ta hannun Sheikh Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Ɗan littafinsa Ummul Barahin ya ratsa Sahara ya zauna daram a makarantunmu. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya rubuta cewa wajen yayansa Shehu Usmanu ya karanta tauhidi daga littattafan Sanusi. Hujjar da almajiri ke haddacewa gajeriya ce: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, waɗannan kuwa muna ganin suna sauyawa, duk abin da ke sauyawa fararre ne, fararre kuma dole ya sami wanda ya fare shi. Ƙonawar wuta kuma sai aka sa ta a hukuncin al'ada, wanda Allah ke iya keta shi, kamar yadda ya faru ga Annabi Ibrahim.

A Turai ma Dauda Hiyum na ƙasar Sikotilan, a ƙarni na 18, ya ce sababi sabo ne kawai na zuciya. Maganarsa ta yi kama da ta Gazali, sai dai shi a kan shakka ya tsaya, Gazali kuwa a kan ikon Allah. Daga baya Hegel na Jamus, wanda ya rasu a 1831, ya mayar da sauyin kansa tushen komai, ya ce tarihi na tafiya ne ta hanyar karo tsakanin kishiyoyi, Karl Maks kuma ya ɗauko wannan ya ɗora a kan tattalin arziki.

A ganina saɓanin ba a kan ko duniya na sauyawa yake ba, don kusan kowa ya yarda da haka. Tambayar ita ce ko sauyi yana tuƙa kansa, ko kuwa alama ce ta buƙatar Mahalicci. Malamanmu na ƙarni na 19 ba su ji tsoron wannan fage ba. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, ya yi rubutu a kan falsafa a garin Salame kafin rasuwarsa a 1864, kuma har yau kaɗan ne daga cikin rubuce-rubucensa suka kai hannun ɗaliban da ke karanta Hegel.