Me ake nufi da nazarin kasafi na 'yan ba-ruwanmu?

Shi ne lissafin da ƙwararru marasa jam'iyya suke yi wa majalisa: wannan doka nawa za ta ci, daga ina kuɗin zai fito, kuma harajin da gwamnati ta ce za ta tara zai taru kuwa? Ba sa cewa a yi ko kada a yi. Wannan hurumin zaɓaɓɓu ne.

Sashe na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa gwamna kai kasafi gaban majalisar jiha, sashe na 81 kuma ya ɗora wa shugaban ƙasa irin wannan. To amma wanda ya kawo takardar shi ne ya tsara alƙaluman cikinta. Ɗan majalisar da Zariya ta tura Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jihar Kaduna, in ba shi da masu lissafi nasa, da me zai musa?

A ce an kawo ƙudurin ciyar da 'yan firamare. Kowa zai yi na'am. Mai nazari kuwa zai nemi adadin yara a rajista da waɗanda suke zuwa aji da gaske, ya tambayi farashin mudun wake a kasuwar Sabon Gari yau, ya ƙiyasta na baɗi, ya haɗa kuɗin masu dafawa da na itace. Sau da yawa a nan ake gane cewa shirin da aka ware wa kuɗin shekara zai tsaya tun kafin damina ta faɗi.

Kasafin tarayya na 2025 an gina shi a kan gangar mai miliyan 2.06 a kullum, kowace a dala 75. Abin da aka haƙo bai kai haka ba, kuma giɓin yakan faɗa ne a kan hanya da asibiti da famfo.

Amurka ta kafa wa majalisarta ofishin irin wannan nazari, wato CBO, da dokar 1974, bayan Shugaba Nixon ya riƙe kuɗaɗen da majalisa ta amince a kashe. Yuganda ta yi nata a 2001. Majalisar Tarayyarmu tana da NABRO, ofishinta na kasafi da bincike.

Ni a ganina suna kaɗai bai isa ba. Dole shugaban ofishin ya zama ba a iya tsige shi don lissafinsa ya ɓata wa wani rai, rahoton kuma ya isa hannun masu rinjaye da 'yan adawa da 'yan jarida rana ɗaya. Jiharmu ba ta rasa waɗanda za su iya ba, ga masana tattalin arziki nan a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru.