Me ya sa allurar da ta saba aiki take daina ci a asibiti?

Ana cewa jikin mara lafiya ne ya saba da maganin. Haka ne?

A'a, bakteriyar da ke jikinsa ce ta samu kariya. Tana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halittar da ake gada, da ke ba ta ikon lalata maganin, ko ta toshe masa hanyar shiga. Mai suna mecA ita ke sa bakteriyar da ke kawo maruru da ruɓar ciwo ta ƙi jin dangin fenisilin. Tun 1961 aka fara ganin irin wannan bakteriya a Ingila. CTX-M kuwa tana karya allurar ceftriaxone, wadda ake bugawa kamar ruwa a wajenmu da zarar an ce taifot.

Ta yaya suke yaɗuwa?

Nan ne abin tsoron. Bakteriya kan miƙa wa makwabciyarta waɗannan ƙwayoyin gado ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Wata ƙwayar gadon mai suna NDM-1, da aka gano a 2008 a jikin wani mara lafiya a Suwidin bayan ya kwanta asibiti a Indiya, yanzu ta kai har Najeriya.

Me ya sa asibiti?

A can ake tara masu rauni, a can kuma aka fi amfani da magani mai ƙarfi. Robar fitsari da ta daɗe a jiki, ɗinkin tiyata, jariri bakwaini, duk ƙofa ce a buɗe. Ka duba mai jinya a ɗakin mata: ta gyara wa 'yarta bandeji, ta juya ta tallafa wa ta gadon kusa ta sha kunu, ba ta ga sabulu ba. Zumunci ne, amma haka bakteriyar ke tashi daga wannan gadon zuwa wancan.

To laifin asibiti ne kaɗai?

Ina! Mai sayen kafso ja-da-yalo guda biyu a kemis a Gusau saboda mura, da makiyayin da ke ɗirka wa saniya allura a Jega ba tare da likitan dabbobi ba, duk suna horar da bakteriyar kafin ta iso asibiti. Binciken mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda wannan bijirewa da bakteriya ke yi wa magani.

Me ɗan'uwan mara lafiya zai yi?

In an kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, ka tambayi likita ko za a ɗauki fitsari, jini ko mugunya a kai ɗakin gwaji a raini bakteriyar da ke ciki. Sakamakon kan ɗauki kwanaki, amma shi ke nuna maganin da har yanzu yake ci.