Dokar Auren Jinsi da Zubar da Ciki ta Ireland ta Arewa (2019)

Wannan doka majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan ce ta kafa ta a watan Yulin 2019, lokacin da majalisar yankin Ireland ta Arewa, wadda ke zama a Stormont, birnin Belfast, take a rufe. Ta halasta auren jinsi a yankin, ta kuma cire zubar da ciki daga jerin laifuffuka.

Tun yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, ana mulkin yankin ne da haɗin gwiwa tsakanin masu son zama cikin Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland. A Janairun 2017 Martin McGuinness na jam'iyyar Sinn Féin ya ajiye muƙamin mataimakin babban minista kan badaƙalar wani shirin tallafin makamashi, gwamnati ta rushe, majalisa ta yi shekara uku ba ta aiki.

Aure da lafiya batutuwa ne da aka miƙa wa Stormont, kuma bisa al'ada Landan ba ta sa baki sai da yardarta. Shi ya sa dokar Birtaniya ta 1967 da ta ba da damar zubar da ciki ba ta taɓa aiki a yankin ba. Dokar 1861 mai haramta zubar da ciki ce ke ci har zuwa 2019. A Nuwamban 2015 ma 'yan majalisar yankin sun amince da auren jinsi da ƙuri'a 53 da 52, amma jam'iyyar DUP, mai son zama cikin Birtaniya, ta toshe shi da wata dama ta hawa kujerar na ƙi da aka tanada don kare ɓangarorin biyu.

Ranar 9 ga Yulin 2019, 'yan jam'iyyar Labour biyu suka soka gyare-gyare cikin wani ƙudurin da asalinsa na ɗage wa'adin zaɓe ne. Na Conor McGinn kan aure ya wuce da 383 da 73, na Stella Creasy kan zubar da ciki da 332 da 99. Sharaɗin shi ne za su fara aiki idan ba a kafa gwamnatin yanki ba zuwa 21 ga Oktoba. A ranar, jam'iyyun masu goyon bayan Birtaniya suka koma zauren don hana hakan, amma ba a iya zaɓen kakaki ba, zaman ya watse.

Masu adawa sun ce an yi wa yankin ƙarfa-ƙarfa a bayan idonsa. Magoya baya suka kafa hujja da rahoton wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, wanda ya ce tsohuwar dokar tana take haƙƙin mata. Abin lura, majalisar ta dawo aiki ranar 11 ga Janairun 2020, kwana biyu kacal kafin auren jinsi ya zama halastacce.

Ƙa'idojin zubar da ciki sun fara aiki a 31 ga Maris 2020: ba sharaɗi har mako 12, sai mako 24 idan lafiyar uwa na cikin haɗari. Ma'aikatar lafiya ta yankin ta ƙi tsara aikin a asibitoci, har sai da sakataren harkokin yankin na lokacin a gwamnatin Birtaniya, Chris Heaton-Harris, ya ba da umarni daga Landan a Disamban 2022.