"Wuthering" ba kuskuren rubutu ba ce, kuma Turancin Joseph ba burokin ba ne

Tun da aka saki sabon fim ɗin Wuthering Heights a watan Fabrairun 2026, kalmar "wuthering" ta bazu a kafafen sada zumunta, masu shirye-shiryen nishaɗi ma suka ɗauka suna ta juya ta a baki. Ɗaliban da suka zana adabin Turanci a WAEC tsakanin 2021 da 2025 sun riga sun sha fama da ita, domin littafin Emily Brontë na cikin waɗanda aka ɗora musu. Duk da haka, in ka tambayi ma'anarta, amsa biyu za ka ji. Wasu su ce ai "withering" ce aka rubuta ba daidai ba, wato yanƙwanewar tsiro. Wasu su ce "weathering" ce, zaizayewar duwatsu da aka koya mana a darasin labarin ƙasa. Daga nan sai ka ji an fassara sunan littafin da "Busassun Tsaunuka", ana murna an burge.

Babu ko ɗaya a ciki. "Wuthering" kalmar mutanen Yorkshire ce, a arewacin Ingila, kuma tana nufin kugin iska mai ƙarfi, irin wadda ke bugun gini tana kewaya shi tana huci. Marubuciyar ma ba ta bar kowa cikin duhu ba: a babin farko, baƙon da ke ba da labarin, Lockwood, ya ce kalmar ta mutanen karkarar wurin ce, sannan ya nuna abin da take nufi da ido. Itatuwan gefen gidan duk sun karkace sun fuskanci gefe guda, tagogin ƙanana ne an cusa su can cikin bango, kusurwoyin kuma an tokare su da manyan duwatsu. "Heights" ɗin ma ba wasu tsaunuka ba ne, sunan gidan gona ne da ke kan tudu. Shi ke nan.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayanin da ake yi wa ɗalibai idan suka iso wurin Joseph, tsohon baran gidan mai yawan wa'azi da mita. Yaro ya buɗe babi na biyu, ya ga "nobbut", ya ga "laith", ya ga "flaysome", ya duba ƙamus ɗinsa na makaranta bai samu ba, sai a ce masa: rabu da shi, jahili ne, burokin yake yi. An yi kuskure biyu ke nan a numfashi ɗaya. Na farko, shi kansa burokin ɗin ba ɓataccen Turanci ba ne, harshe ne mai dokokinsa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Na biyu, Joseph ba koyon Turanci ya yi ya kasa ba. Turancin ne harshen uwarsa da kakanninsa. Abin da yake yi karin harshe ne, kuma karin harshe ya wuce lafazi. Lafazi yadda ake furta kalma ne kawai. Karin harshe kuwa ya haɗa da kalmomin da wasu ba su da su, da nahawun da ya sha bamban, da ma'anar da ta bi wata hanya daban. "Nobbut" na nufin "kawai". "Flaysome" abin tsoro. "Laith" rumbu ko ɗakin ajiyar amfanin gona.

Ɗauki guda ɗaya mu bi sawunta. A babi na uku Joseph ya yi wa yara faɗa don ya same su suna "laiking" ran Lahadi, alhali wa'azi bai gama fita daga "lugs" ɗinsu ba, wato kunnuwansu. "Laik" wasa ne. Daga ina ta fito? A shekarar 866 mayaƙan Viking, waɗanda yawancinsu daga Danmak suke, suka ci birnin York, kuma sarautarsu a can ba ta ƙare ba sai 954. Ba su tsaya ga ganima ba. Sun zauna, sun yi noma, sun yi auratayya, harshensu ya cakuɗe da na mutanen ƙasa. A harshensu "leika" shi ne yin wasa. Wannan saiwar tana nan da ranta a Danmak har gobe: kamfanin LEGO, mai 'yan tubalan robar nan da yara ke harhaɗawa, ya samo sunansa a 1934 daga "leg godt", wato yi wasa da kyau. Kalmar da ake ce wa ɗalibanmu shirmen baƙauye ce, 'yar'uwarta na manne a jikin kayan wasan da ake sayarwa a manyan kantunan duniya. "Laith" ma daga can take, haka "beck", wato rafi, kuma masu ƙamus suna danganta "wuther" ɗin kanta da wata tsohuwar kalmarsu mai nufin bugawar iska. 'Yan kallon ƙwallo sun daɗe suna furta harshen nan ba su sani ba, domin "by" da ke ƙarshen Derby da Grimsby gari ko ƙauye yake nufi a bakin Viking.

Wani abin dariya shi ne, shi kansa Turancin da muke kira na Sarauniya ya ci bashi a arewa. "They", "them" da "their" duk ta can suka gangaro. William Caxton, wanda ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi "egges" wurin wata mata a kudu, ta ce masa ita ba ta jin Faransanci. Ita "eyren" ta sani. To, yau wa ya san "eyren"? Kalmar 'yan arewan ce ta yi nasara. Daidaitaccen Turanci karin harshen yankin Landan ne da ya dace da fada da kotu da injin buga littafi, ba wani tsarki ya fi saura ba.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba. Basakkwace ya ce "zamna" da "sabka" da "amre", Bakano ya ce zauna da sauka da aure, kuma masana harshe sun nuna cewa na Sakkwaton ne tsohon zubi, na Kano ne ya sauya daga baya. Amma da aka zo daidaita Hausar rubutu sai aka jingina ga Kananci, yau ga shi a finafinanmu in ana son nuna baƙauye ko a ba da dariya, Sakkwatanci ake ɗora wa ɗan wasa. Wanda ya ji haushin wannan, ya san abin da aka yi wa Joseph.

Su "laith" da "nobbut" ma da sauƙi, domin da ganinsu ka san baƙi ne, za ka tsaya ka bincika. Masu haɗarin su ne waɗanda suka yi kama da waɗanda ka sani. A babi na tara, daren da Heathcliff, yaron da maigidan ya tsinto ya riƙe, ya gudu, masoyiyarsa Catherine ta fita cikin ruwa da tsawa tana nemansa, ta jiƙe sharkaf, ta ƙi sauya kaya, ta kwana zaune a gaban murhu. Da safe Nelly, mai aikin gidan, ta buɗe taga don iska ta shigo, sai Catherine ta ce ta rufe, ita "starving" take yi. Haƙoranta na kaɗawa, tana ƙara matsawa kusa da garwashin da ya kusa mutuwa. Duk ɗalibin da ya koyi Turancin makaranta zai ce yunwa take ji, har ya rubuta a jarrabawa cewa baƙin ciki ya hana ta cin abinci. To me ya haɗa yunwa da rufe taga? Sanyi ne ke neman kashe ta. A tsohon Turanci "steorfan" mutuwa ce kawai, kowace iri, kamar yadda Jamusawa ke cewa "sterben" har yanzu. A daidaitaccen Turanci ma'anar ta tsuke ta koma mutuwa da yunwa. A arewa, inda sanyi ke kashe tumaki a kan tudu, aka ci gaba da amfani da ita wajen daskarewa da ɗari. Wanda bai gane wannan ba, zazzaɓin da ya kwantar da ita nan take zai zo masa kamar daga sama. Kuma a lura, ba bara ba ce ta faɗi kalmar. 'Yar masu gida ce.

Wannan ya kawo ni inda nake da ja da su kansu marubutan. Catherine da Heathcliff a gidan gona ɗaya suka tashi da Joseph, ba su san wata duniya ba sai ta tudun nan, amma in za su yi maganar so ko ta mutuwa, sai Turancin littafi ya zubo daga bakinsu tas. Nelly baranya ce, amma da yake ita ce za ta ɗauki nauyin labarin, sai aka ba ta uzurin cewa ta karance littattafan gidan. Hareton kuwa, magajin gidan na asali, da Heathcliff ya so wulaƙanta shi sai ya hana shi karatu, ya tashi da harshen Joseph, bai iya karanta sunansa da ke rubuce a saman ƙofa ba, har Linton, ɗan Heathcliff, yana yi wa lafazinsa dariya. Brontë ta san abin da take yi a nan, ta nuna yadda ake mayar da harshe bulala. Sai dai ita ma ba ta kuɓuta ba, tunda hanyar da ta ba Hareton ta komawa mutum ita ce Cathy, 'yar Catherine, ta zaunar da shi ta koya masa karatu. A mafi yawan littattafan zamanin, karin harshe rigar ma'aikata ce: in ka ga an fara yanke haruffa ana sa alamar ɗauri, to mai wanke-wanke ko mai kiwo ne zai yi magana. A ganina wannan rowar basira ce da ake kira gaskiyar rayuwa.

Wanda ya ɗauki kalmomin nan da daraja ɗan cikinsu ne. Joseph Wright, haifaffen kusa da Bradford a 1855, ya fara aikin jan jaki yana ɗan shekara shida, ya shiga masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen sha biyar. Shi ne ya zama farfesa a Oxford, ya wallafa ƙamus na karin harsunan Turanci mai juzu'i shida tsakanin 1898 da 1905. Yana nan kyauta a intanet, kuma malamin adabin da zai koyar da littafin Brontë ya fi buƙatarsa a kan takardun "muhimman tambayoyi" da ake sayarwa a bakin makaranta.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: Joseph ɗin da yawancinsu suka karanta ma an riga an rage masa kaifi. Littafin ya fito a Disambar 1847 da sunan aro, Ellis Bell, Emily kuma ta rasu a Disambar 1848 tana da shekara 30. Da za a sake bugawa a 1850, yayarta Charlotte ta rubuta wa masu maɗaba'a cewa maganar Joseph daidai take a kunnen ɗan Yorkshire, amma 'yan kudu ba za su gane ta ba, sai ta bi ta sassauta rubutun. Tun daga nan bugu iri biyu ke yawo a kasuwa. In kana son sanin wanne ne a hannunka, buɗe babi na biyu ka duba yadda Joseph ke cewa "ni" a farkonsa, inda ya ƙi taimaka wa Lockwood a buɗe masa ƙofa. In ka ga "Aw", na Emily ne. In ka ga "I", hannun Charlotte ya bi ta kai.